Bes ɗin Rege: Daga Saita Jita Zuwa Sanin Inda Ake Shiru

A yawancin kiɗan zamani da ake ji a coci-cocin Zuru ko a zauren biki a Birnin Kebbi, mai bes, wato jitar nan mai kaurin sauti, ɗan rakiya ne. Kibod na gaba, shi yana biye yana taɓa tushen kowane kod, wato sautin da aka gina kowane haɗin sautuka a kansa. A rege abin ya juye: bes ne ke riƙe da waƙar. A cire muryar mawaƙi, a cire jita da kibod, a bar bes da ganga kawai, wanda ya san waƙar zai gane ta nan take. Shi ya sa a Jamaika ake ɗaukar layin bes guda, mawaƙa da yawa su hau kansa kowa da tasa waƙar, abin da suke kira ridim.

Matsayin nan ya samo asali ne wajen 1966, lokacin da kiɗan ska mai gaggawa ya lafa ya koma rokstedi, bes na lantarki ya maye gurbin babban bes na katako da ake kaɗawa a tsaye. Da kiɗa ya rage gudu sai fili ya buɗe, masu bes suka daina taka kowane bugu, suka koma yin gajerun jimloli da hutu a tsakaninsu. Zuwa 1968 rege ya tsaya da ƙafarsa. Aston Barrett na ƙungiyar Wailers, da Robbie Shakespeare, da Leroy Sibbles na ɗakin ɗaukar waƙa na Studio One a Kingston, su ne waɗanda ake komawa gare su idan ana son jin yadda ake yi. Amma ka saurare su da abin kunne mai kyau ko babbar sifika. Sifikar waya ba ta fitar da sautin ƙasa, wato mai kauri irin na bes, za ka yi ta jin murya da jita alhali abin da kake nema bai iso kunnenka ba.

Jitar da saitinta

Bes mai tsirkiya huɗu ya wadatar. Daga mai kauri zuwa siririya sunayensu E, A, D, G, kuma kusan duk aikin rege a kan E da A yake, daga buɗaɗɗiyar tsirkiya zuwa gida na 8. Gida shi ne filin da ke tsakanin siraran ƙarafan da aka gicciya a wuyan jita, ana ƙirga su daga wajen kai. Idan mai tsirkiya biyar kake da shi, irin wanda ya yi yawa a coci yanzu, ba laifi, sai dai tsirkiyar B, wadda ta fi kauri, tana son yin gurnani ita kaɗai ko ba a taɓa ta ba. Ɗora babban yatsanka na dama a kanta ka bar shi nan.

Tsirkiya iri biyu ce. Akwai mai kaushi, wadda aka naɗe da zagayayyar waya, ita ce ke zuwa da yawancin jita, sautinta na da ƙara da ƙyalli. Akwai mai santsi, wadda aka naɗe da waya mai faɗi, sautinta a dunƙule yake, ba ta kuka idan yatsa ya zame, kuma ita ta fi dacewa da rege. Kauri 45 zuwa 105, lambobin da ake rubutawa a jikin fakitin tsirkiya, ya yi. Mai santsi tana da wuyar samu a nan, sai an yi saƙo Legas, kasuwar Alaba, ko Abuja. Kafin ta zo kada ka damu: tsohuwar tsirkiya mai kaushi da ta sha gumi ta mutu, wadda mai kiɗan fonk zai jefar, ita ce kusa da abin da kake so. Muddin tana riƙe saiti kuma ba ta yi tsatsa ba, kada ka canza ta.

Sai soso. Yanko guntun soson katifa, faɗinsa santimita 2 zuwa 3, tsawonsa ya ratsa duk tsirkiyoyin, ka cusa shi ƙarƙashinsu daf da jaki, wato ƙarfen da suke hawa a gindin jita. Aikinsa ya rage tsawon sauti ya kashe ƙyallinsa. Tsofaffin jitocin Fender da soso suke fitowa daga kamfani, a ƙarƙashin murfin jaki. Idan soson ya yi kauri da yawa sauti zai mutu tun kafin ya fito, kuma saiti zai ɗan hau sama, don haka ka sake saitawa bayan ka sa shi, in ya matse ka rage masa da reza.

Yanayinmu yana wahalar da katako. Da hunturu iska ta bushe, itacen wuya ya tsuke, bakin ƙarafan gida su leƙo ta gefe suna kartar hannu. Da damina ya sha laima ya kumbura. Kowane sauyi yana motsa wuyan jita, shi ya sa wadda ta yi daɗin kaɗawa a watan Agusta za ta iya fara zizza a Janairu. Gwajin ba wuya: danne tsirkiyar E a gida na 1 da kuma gida na ƙarshe a lokaci guda, ka duba tazarar da ke tsakaninta da ƙarfen gida na 8. Ya kamata ta kai kimanin milimita 0.3, kaurin katin takarda. Idan babu tazara sam, sassauta sandar ƙarfen da ke cikin wuya ta hanyar murɗa ta hagu. Idan tazarar ta yi yawa, murɗa dama. Kwatan zagaye ko ƙasa da haka a lokaci guda, sannan ka bar ta ta kwana kafin ka ƙara. In ta cije, tsaya nan ka kai wa wanda ya iya, don karyewarta ba ƙaramar asara ba ce. Tsayin tsirkiyar E daga ƙarfen gida na 12 kuwa, milimita 2 zuwa 2.5 ya isa. Kada a bar jita cikin mota da rana a watan Afrilu, kada kuma a jingine ta da bangon da rana ke duka.

Samun sautin

A jikin jita, idan ɗaukar sauti biyu gare ta kamar Jazz Bass, wato na'urorin da ke ƙarƙashin tsirkiyoyi masu kai sauti ga amfilifaya, buɗe na wajen wuya gaba ɗaya, ka rage ko ka kashe na wajen jaki. Maɓallin laushin sauti murɗe shi ƙasa kusan ƙarshe. A jikin amfilifaya, wanda aka rubuta wa Treble ya sauko can ƙasa, Mid ya tsaya ƙasa da rabi kaɗan, Bass ya ɗan haura rabi. Ɗan haurawa, ba ƙurewa ba. Masu koyo da yawa suna ƙure Bass su kashe Mid ɗungurungum, sai ɗaki ya cika da rugugi amma ba a iya bambanta A da G. Mid ne ke sa kunne ya gane wane sauti ake kaɗawa.

Amfilifaya mai wat 15 zuwa 30 ya isa atisaye a ɗaki. Tsayawa kusa da mai ganga kuwa sai wat 200 zuwa sama, da sifika mai inci 15 in da hali. Kada ka jona bes a amfilifayar jita ka ƙara murya, sifikarta ba a yi ta don wannan nauyin ba, za ta yage. Idan ka ji sifika na yin “fur-fur” a kan E ko F, ta kai iyakarta, rage Bass kafin ka rage murya.

Mafi yawan sautin a hannun dama yake. Matso da hannunka daga wajen jaki zuwa inda wuya ya haɗu da jiki, nan tsirkiya ta fi laushi. Taɓa ta da tsokar yatsa, ba da baki ko farce ba, ka ja ta cikin jikin jita har yatsan ya sauka a kan tsirkiyar da ke sama da ita. A hankali. Ƙara murya a amfilifaya ka rage ƙarfin hannu. Fizgar tsirkiya da ƙarfi ƙara take kawowa, ba nauyi ba. Wasu da gefen babban yatsa suke kaɗawa, tafin hannu na kwance kaɗan a kan tsirkiyoyi kusa da jaki, sauti ya fito gajere mai kauri. A layi mai tafiyar hawainiya yatsa ɗaya ma ya fi biyu, don duk sautukan za su fito da nauyi iri ɗaya. Yanke farce kafin komai.

Hannun hagu: babban yatsa a bayan wuya, danna daf da ƙarfen gida ta bayansa, ba a tsakiyar gida ba. Daga gida na 1 zuwa na 5 tazara na da faɗi, yi amfani da manuniya da na tsakiya da ƙaramin yatsa su rufe gida uku, na zobe yana taimakon ƙaramin. Daga gida na 5 zuwa sama kowane yatsa ya riƙe gidansa.

Ƙirga

Nan ne ake ɓacewa, don rege ana ƙirga shi hanya biyu, kuma mutum biyu za su iya yin gardama alhali abu ɗaya suke nufi. A wannan jagorar ga yadda za mu yi. Sa manhajar metronom, mai ƙwanƙwasa lokaci daidai-daidai, a waya a kan 72. Kowane ƙwanƙwasa biyu zagaye ɗaya ne: na farko shi ne 1, na biyu shi ne 3. Tsakaninsu kai za ka cika 2 da 4 da bakinka. Saran jita, wannan “cak, cak” da kowa ya san rege da shi, a kan 2 da 4 yake faɗuwa.

Ganga kuma salo uku gare ta, dole mai bes ya san wanda ake yi. A wan-dirof, wanda Carlton Barrett, mai gangar Wailers, ya yi suna da shi, gangar ƙafa da bugun gefen ƙaramar ganga suna sauka tare a kan 3, ana barin 1 fayau. A rokas gangar ƙafa na sauka a kan 1 da 3. A sitefas tana taka duk huɗun, kamar sojoji na maci.

Kafin ka ɗauki jita, yi minti biyar kana ƙirga “1 da 2 da 3 da 4 da” da baki, kana tafi a kan 2 da 4, kana buga ƙafa a kan 3 kaɗai. Za ka ga ƙafa na ƙaiƙayin sauka a kan 1. Sai ta daina kafin ka wuce gaba.

Taswirar gidaje da layin farko

Ga sautukan da za a buƙata. A tsirkiyar E: buɗe E, gida na 3 G, na 5 A, na 8 C. A tsirkiyar A: gida na 2 B, na 3 C, na 5 D, na 7 E, na 8 F. A tsirkiyar D: gida na 2 E, na 5 G, na 7 A. Wanda ya koyi kiɗa da do-re-mi a ƙungiyar mawaƙan coci, a kii na C, wato inda C ce do: A la ce, C do, D re, E mi, G so, B ti.

Layin rege yawanci daga sautuka uku na kod ake gina shi: tushe, na uku, na biyar. A kod ɗin Am su ne A, C, E. A kod ɗin G su ne G, B, D. Siffarsu a hannu ba ta canzawa: na biyar koyaushe yana tsirkiya ta gaba, gida biyu sama da tushe.

Kowane layi a ƙasa gurbi takwas ne, daidai da “1 da 2 da 3 da 4 da”. Alamar x shiru ce, alamar ~ na nufin a bar sautin baya ya ci gaba.

Am: x x A A C ~ E x
G: x x G G B ~ D x

A zagayen farko manuniya na kan A a gida na 5, ƙaramin yatsa ya kai C a gida na 8, na zobe ya ɗauki E a gida na 7 na tsirkiyar A. A na biyu hannu ya sauko: na tsakiya a kan G, manuniya a kan B, ƙaramin yatsa a kan D. Bugun 1 babu kowa, kai da mai ganga duk kun bar shi, kuma C da B suna sauka tare da gangar ƙafa a kan 3. Fara da metronom a 60, sai ka yi sau goma a jere ba kuskure kafin ka ƙara 4.

Yanzu ga ainihin aikin, wanda ya raba mai kiɗan rege da mai kaɗa sautukan rege. Alamar x ba hutu ba ce ga hannu, aiki ce. Sauti ba ya mutuwa don kansa a lokacin da kake so, kai ne za ka kashe shi. Hanya biyu ce, kuma tare ake yin su. Hannun hagu ya sassauta dannawa ba tare da ya ɗaga daga tsirkiya ba. In ka ɗaga gaba ɗaya buɗaɗɗiyar tsirkiya za ta yi kuka. Hannun dama kuma yatsan da zai kaɗa na gaba ya sauko ya kwanta a kan tsirkiyar. A layin nan E na kan 4 dole ya yanke daidai kan “da” na ƙarshe, ta yadda 1 zai zo cikin shiru tsit. Idan ya zarce ya malala cikin 1, ramin da ake so mai rawa ya faɗa ciki ya cike, kiɗan ya koma wani abu dabam. Ka ƙirga ƙarshen sauti kamar yadda kake ƙirga farkonsa. Gwada A biyun nan ma: kaɗa su gajeru, kowanne da ɗan shiru bayansa, sannan kaɗa su manne da juna. Sautuka ɗaya, wuri ɗaya, amma layi biyu ne mabambanta. Wanda ya fi dacewa ya danganta da waƙar, sai dai ya zama kai ka zaɓa, ba hannunka ya zaɓa maka ba.

Akwai wata magana da ta bazu cewa bes ɗin rege ba ya taɓa 1. Ba haka ba ne. Barin 1 dokar gangar wan-dirof ce, mai bes yana da zaɓi, kuma layuka da yawa na manyan masu kiɗan nan daram suke sauka a kan 1. Abin da ba ya canzawa shi ne a sami wurin da bes ya yi shiru. Ga layi mai zagaye biyu a kan kod ɗaya, wanda ya kama 1 ya bar ƙarshe:

Am: A ~ ~ A C x A x
Am: E ~ G ~ A x x x

E ɗin nan buɗaɗɗiyar tsirkiya ce, G a gida na 3. Zagayen farko tambaya, na biyu amsa, sannan bugu ɗaya da rabi na shiru inda muryar mawaƙi ko kibod za su shiga. Wanda ya saba jin kiɗan fada na ƙasar nan, yadda jagora ke ajiye baiti ’yan amshi su karɓa, ba wanda ke hawa kan wani, ya riga ya san tsarin. Idan waƙa ta koma Dm, ɗauke siffar gaba ɗaya zuwa tsirkiyar A: D a gida na 5, F a na 8, sannan A buɗaɗɗiyar tsirkiya, C a gida na 3.

Dm: D ~ ~ D F x D x
Dm: A ~ C ~ D x x x

Ga sitefas ana son naci a kan tushe, yatsu biyu suna karɓa-karɓa:

Am: A A A x A A x E
G: G G G x G G x D

Sautukan su fito gajeru, nauyinsu ɗaya. Idan manuniya ta fi na tsakiya ƙarfi za a ji layin na ɗingishi.

Waƙoƙin yabo da na soyayya sun fi zama a kii mai haske. A kii na G, tsakanin do da fa:

G: G ~ B D ~ x E D
C: C ~ E G ~ x x x

E a gida na 2 na tsirkiyar D, G na zagaye na biyu a gida na 5 na tsirkiyar D. Wannan E ɗin na zagayen farko, sauti na shida daga tushe, shi ke ba layin zaƙi.

Rangaji da jinkiri

Duk layukan nan ana iya kaɗa su a miƙe, kowane gurbi tsawonsa ɗaya, ko da rangaji, inda lamba ke ɗan tsawo “da” ya gajarta ya matsa kusa da lamba ta gaba, kusan kashi biyu da kashi ɗaya. Ba kai ke yanke wannan ba, farantan mai ganga ne. Saurare su zagaye biyu kafin ka shiga. Bes a miƙe a kan ganga mai rangaji shi ne abin da ke sa a ji ƙungiya na tuntuɓe ba a san daga ina ba.

Sai zama a bayan bugu. Bes ɗin rege yana sauka ɗan ƙanƙanin lokaci bayan ganga, abin da bai kai a ƙirga ba, shi ke ba kiɗan nauyi da natsuwa. Ba jan kiɗa baya ba ne. Gudun bai canza ba, tazarar ce ɗaya a kowane zagaye. Kuma ba a fara koyonsa sai an iya sauka daidai kan bugu. Yawancin masu koyo gaba suke yi, musamman bayan shiru, don hannu na ɗokin dawowa. Maganin: sauke metronom zuwa 36, ka ɗauki kowane ƙwanƙwasa a matsayin 3. Yanzu ba mai riƙe maka 1 da 2 da 4 sai cikinka. Ɗauki kanka a waya na minti biyu, ka saurara da abin kunne. Idan sautinka na riga ƙwanƙwasa fitowa, sassauta kafaɗa, ka jira ka ji shi kafin yatsa ya motsa.

Minti 30 kullum ya fi awa huɗu ranar Asabar: biyar na ƙirga da tafi, goma na layi ɗaya da metronom, goma na bin waƙa da kunne, biyar na ɗauka da saurare. Bororo a yatsa zai fito makon farko. In ya fito ka huta ya warke, kanta za ta biyo baya. Goge tsirkiya da busasshen ƙyalle bayan kowane zama, gumin bazara na cin ƙarfe.

Wuta, ƙura da ɗaki

Ƙugin da ke fita daga amfilifaya ko ba a kaɗa komai ba yawanci daga wuta yake. Lantarkinmu a kan 50 Hz yake tafiya, G na gida na 3 kuma 49 Hz ne, don haka idan ƙugin ya yi yawa har za ka ji G na rawa kamar jita ta sauka daga saiti. Jita irin Jazz Bass ta fi kama shi idan ɗaukar sauti ɗaya kaɗai aka buɗe. Buɗe biyun daidai yana kashe shi, sai ka rage ƙyalli da maɓallin laushi. Precision Bass ba ta cika wannan matsalar ba. Matsa nesa da cajar waya, da sitabilaiza, da fitila mai dogon ƙwai, ka juya jikinka a hankali har ka sami inda ƙugin ya ragu. Idan yana raguwa da ka taɓa tsirkiya, yana dawowa da ka saki, matsalar ta wayar ƙasa ce, wato wadda ke kai wutar da ta zube cikin ƙasa, ko rashin kariya a cikin jitar.

Wannan kuwa ba wasa ba ne: tsirkiyoyin bes a haɗe suke da wayar ƙasa ta amfilifaya. Idan kana riƙe da su leɓenka ya taɓa makirufo ka ji wuta ta ɗan ja ka, a dakata da kiɗa a kira mai gyaran wuta. Ya fi faruwa a kan janareta da ba a kafa masa ƙarfen ƙasa ba, ko inda aka karya ƙafa ta uku ta fulogi don ya shiga soket. Kada a karya ta. A kashe amfilifaya kafin a sauya daga wutar NEPA zuwa janareta, a kunna bayan ya daidaita.

Maɓalli mai ƙarar “ƙar-ƙar” idan an murɗa, ƙurar hunturu ce ta shiga. Feshin wanke kayan lantarki da masu gyaran rediyo ke amfani da shi zai gyara, ba man inji ba. Jita mai batir 9V a ciki, cire waya daga jikinta in an gama, don barinta a jone na shanye batir, kuma alamar ya kusa ƙarewa ita ce sauti ya fara dagulewa.

Zaure mai bangon siminti da rufin kwano yana ninka sautin ƙasa. Kada a sa amfilifaya a kusurwa, a janye shi kamar rabin mita daga bango. Idan sauti guda ya fi sauran rugugi, ɗakin ne ba hannunka ba: rage Bass kaɗan, ka gajarta sautukanka fiye da yadda ka saba. A fili kuwa, kamar wajen biki a waje, sautin ƙasa gudu yake, sai an haɗa da manyan sifikun taro. Sa wani ya riƙe jitar ya kaɗa, kai ka taka zuwa tsakiyar wurin ka ji, don abin da ke isa can ba shi kake ji a gaban amfilifaya ba.

Zama da sauran ƙungiya

Babban abokin rigimar mai bes shi ne hannun hagun mai kibod. Wanda ya saba kiɗa shi kaɗai a coci yakan cika ƙasa da nasa bes ɗin, sai shirun da ka sha wahalar koya ya cike da sautin wani. Ku yi magana tun a atisaye, cikin girmamawa in ya girme ka: “Yaya, don Allah a bar mini ƙasan nan, a hau sama da hannu biyun.” A rege aikinsa sara ne a kan 2 da 4 tare da jita, da ɗan tafasar ogan, wato gajerun sautuka bi da bi, a tsakiya. Mai ganga kuma ku tsaya inda kake ganin ƙafarsa ta dama, ku yarda tun farko ko wan-dirof ne ko sitefas.

Idan za ka ƙirƙiri naka layin, ajiye jita tukuna. Sa a yi maka kod biyun suna zagayawa, ka rera layin da baki, “dum, du-dum”, har ka sami wanda ke zama a kai bayan an daina kiɗa. Inda numfashinka ya yanke, nan shirun yake. Sannan ka nemo shi a wuyan jita, ka fara da tushe da na biyar, ka ƙara na uku. Sautin wucewa, kamar G# a gida na 4 a kan “da” na ƙarshe lokacin hawa daga G zuwa Am, sau ɗaya a zagaye takwas ya isa. Da layi ya zauna, riƙe shi haka daga farkon waƙa zuwa ƙarshe ko da minti shida ne. In ana son sauyi a tsakiya, fita gaba ɗaya na zagaye huɗu ko takwas, ka bar ganga da saran jita, kana ci gaba da ƙirga a zuci, ka yi wa mai ganga ido a zagayen ƙarshe, ku dawo tare.